Gwangwanin da Na Taka

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Salamatu, uwargidan Alhaji direba, mai keken ɗinki da tukunyar burodi a lungun bayan kasuwar Nima.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda kika koya mini da baki, wani lokaci kuma da bayan ludayi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji da hasken makwanci. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Mma, albishir nake tafe da shi, amma ba zan faɗa yanzu ba. Ke kika ce mai buɗe tukunya kafin lokaci shi ke cin ɗanyen burodi. Ki bi ni a hankali, su ma masu leƙen wasiƙar nan a shafina sai su gyara zama.

Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da tafiyarki. Kowa ya yi kukansa ya share hawaye ya koma harkarsa, ban da mutum ɗaya. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba, abinci kawai ya daina ci. Ba wai ya ce ya daina ba, kin san shi ba ya musu. In kai masa waakye mai zafi, shinkafa da waken nan da yake so, ya ce Allah ya yi albarka, ya yi cokali biyu ya rufe. Tuwo loma uku. Da safe sai baƙin shayi. Burodin kanti kuwa ya ɗauka ya shinshina, ya miƙa wa akuyar Anti Dede maƙwabciyarmu. Har akuyar ta gane lokacin karin kumallonsa, tana zuwa ta tsaya bakin ƙofa kamar mai jiran albashi.

Likita ya ce maganin da yake sha ba a shan sa da yunwa. Sau biyu ina kai wandunansa wurin tela a rage ƙugu. A karo na biyu na ce wa telan kada ya yanke, ya naɗe yadin daga ciki. Ya naɗe, ya miƙo mini. Ranar na ji tsoro, Mma. Na ji tsoron Baba zai biyo ki tun ban saba da rashinki ba.

Kin tuna ƙullinki uku? Kowace shekara ranar cika-ciki, in kowa ya ƙoshi ya baje, sai ki ɗauko tsohon kallabinki mai ruwan ƙasa ki yi ƙulli uku a gefensa. Kowane ƙulli aiki ɗaya ne da gidan ke bukata a shekarar. Ba kya rubutu, ba kya kuma mantuwa. Simintin tsakar gida ƙulli ne. Zannuwan rufa da kika harhaɗa mana da ƙyallayen yayin bukukuwa, su ma ƙulli ne, kuma har yau ina iya nuna yayin auren wance da na sunan wane a jikin nawa. In aiki ya kammalu ki kwance ƙullin a gabanmu. Na taɓa tambayarki me ya sa ba kya yin huɗu, kika ce, "Mai ƙulla huɗu kansa yake yi wa ƙarya."

Bana ni na ɗauki kallabin. Ƙulli na farko, kantar katako a kicin ɗina na gidan aurena a unguwar Maamobi, wadda surukinki Baban Sadiya ya yi alkawarin kafawa tun ina da cikin Sadiya, ga ta yanzu tana aji uku. Na biyu, labulen ɗakin Baba da kika yanka ba ki samu ɗinkawa ba. Na uku na ja shi da ƙarfi har yatsana ya yi zafi: Baba ya ci abinci.

Na san ta inda zan ɓullo masa. Shekara arba'in mutumin nan bai karya kumallon Juma'a da komai ba sai burodinki. Alhamis da la'asar ki shimfiɗa tabarma, ki kwaɓa, ki murza, ki rufe da zani. Ki ɗora babbar tukunyar nan mai yashin bakin teku a kan kurfoti, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Kafin magariba lungu gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin bota da gyaɗar ƙamshi, har masu wucewa masallaci suna rage sauri a ƙofar gidanmu.

Ni kuwa kin san tarihina da burodin nan. Ci na iya, aikin ne ban taɓa so ba. Alhamis na yi sai kaina ya fara ciwo. Amma ƙidayarki ta zauna mini a kunne, don da ƙarfi kike yin ta, ina jiyo ki daga ɗaki: fulawa gwangwani goma, ruwa kofi biyu, suga cikin tafi, yis, bota, gishiri ɗan kaɗan. Na ce a raina wannan ai ba karatu ba ne, kowa ma zai iya.

Na ɗauko tukunyarki na kai Maamobi. Na sami shuɗin kofinki na roba. Na shiga trotro, motar haya, har bakin teku na ɗebo sabon yashi, kwandasta yana tambayata ko gini zan fara. Na sayi madarar gwangwani, muka shanye, na wanke gwangwanin tas. Na ƙirga goma, na ƙirga biyu, na yi bisimilla.

Mma, abin da ya fito daga tukunyar nan, da an jefi mutum da shi sai an je ofishin 'yan sanda. Baban Sadiya ya ɗaga shi ya auna a hannu, ya ce in ajiye masa, zai yi amfani in mota ta mutu a kan gangara. Na ce wanda bai kafa kanta ba ba shi da bakin magana a kicin. Muka yi dariya, amma ni tawa iyakarta leɓe.

Alhamis bakwai ina fama. Na sauya fulawa, na sauya yis, na zargi gawayi, na zargi damina. Anti Dede ta kawo mini ziyara Maamobi, ta taɓa kwaɓin, ta ce ya yi tauri, in ƙara ruwa. Na ce Mma kofi biyu ta ce, biyu kuma zan sa. Ta ce taurin kaina ya fi na burodin. Na biyar ɗin ya ɗan yi dama-dama, na kai wa Baba. Ya shinshina, ya danna da babban yatsa, yatsan bai shiga ba. Ya ce Allah ya yi albarka. Akuya ma sai da ta yi nazari kafin ta karɓa.

Bayan na bakwai na kife tukunya. Na ce tunda ƙulli na uku ya gagara, bari in yi na biyu, kada shekara ta ƙare ban kwance ko ɗaya ba.

Tun ranar da aka fita da ke ban taɓa kekenki ba. Shi ya sa ma nake kai wandunan Baba wurin tela, alhali ɗinki shi ne abu ɗaya da na yarda na koya a hannunki. Ranar wata Laraba, ana ta hayaniyar kasuwa a waje, na shiga ɗakinki na yaye zanin da ke kansa. Koren zare na nan a allura yadda kika bar shi. Ƙamshin man keke ya buge ni, sai da na zauna na ɗan jima. Sannan na buɗe durowar ƙasa ina neman almakashi, na ci karo da gwangwanin da kike tara maɓallai. Tsohon gwangwanin madara ne, ya yi baƙi, gefe ɗaya ya lotsa ciki sosai. Na juye maɓallan a cinyata. A cikin lotsawar akwai busasshiyar fulawa ta manne.

Nan take na gane shi, Mma, don ƙafata ce ta yi masa haka.

Ina da shekara goma sha biyu. Alhamis ce, ana kiɗan biki a unguwar Kawukudi, ƙawayena suna jirana a ƙofa sun ci ado. Kika ce sai na auna miki fulawa kafin in tafi. Na yi jifa da gwangwanin, na bi shi na take da dunduniya. Na rufe ido ina jiran ludayi. Shiru. Da na buɗe, na gan ki kin ɗauke shi kina jujjuyawa, kika hure ƙurar, kika ce, "Ba a zubar da abu don ya lotsa." Kika ce in tafi bikina. Tun ranar ba ki ƙara sa ni awo ba, ni kuwa daɗi na ji, na ɗauka na ci nasara. Ban taɓa tambayar inda gwangwanin ya ƙare ba.

Na fita tsakar gida da shi. Na cika shi da fulawa sau goma, na sake aunawa da sabon gwangwani irin nawa. Takwas. Gomanki takwas ne a wurin sauran mutane. Sai a lokacin na tuna, ina ƙarama ai takwas kike ƙirgawa. Ashe tun daga ranar kika ƙara biyu don awon ya cika, kika ci gaba da aiki da abin da na lalata. Shekara ashirin da biyar kina ƙirga ɓarnata da bakinki kowace Alhamis, ba ki taɓa yi mini gori ba. Na zauna a bakin kicin ɗinki na yi kuka, na yi dariya, har Anti Dede ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya. Na nuna mata gwangwanin, na ce ta yafe mini, gaskiyarta ce, ruwan bai isa ba.

Washegari na dawo da tukunya gida Nima, na shimfiɗa tabarma a inda kike shimfiɗawa. Goma da naki, biyu da shuɗin kofi. Tun a hannu na ji bambanci, kwaɓin ya yi laushi kamar fatar kunne, yadda kike cewa. Na rufe da zaninki, ya tashi har yana ɗaga zanin. Ban buɗe tukunya ba sai da lokaci ya yi, ko da yake sau uku hannuna na kaiwa kan murfi. Kafin magariba na ga masu wucewa masallaci suna rage sauri. Baba ya shigo, ya tsaya a zaure ya ɗan jima, sannan ya wuce ɗakinsa.

Juma'a da safe na ajiye masa shayi da burodi guda biyu, na koma gefe ina ta share wurin da na riga na share. Akuya ta zo ta kama wurinta. Baba ya ɗauka ya shinshina. Ya danna da babban yatsa, yatsan ya nutse, burodin ya dawo. Ya gutsura, ya tsoma a shayi, ya kai baki. Ya sake gutsura. Mma, ina tsaye da tsintsiya har ya cinye guda ɗaya tas, ya tsince ɓurɓushin da ya zuba a rigarsa.

Sannan ya ɗago, da Hausarsa ta Zango wadda kika yi shekara arba'in kina gyarawa ba ta gyaru ba, ya ce, "Gishiri bai kai ba koraa, ko kaɗan. Uwanki ma haka yake yi."

Ga albishir ɗin, Mma. Baba ya yi ƙorafi! Ƙorafin nan dai da yake yi miki kowace Juma'a, ke kuma ki ce mai ƙorafi da cikakken baki ba a ba shi amsa. Ni ma ban ba shi amsa ba, don bakinsa a cike yake, ya riga ya kama na biyun. Har cewa ya yi a sa masa madara a shayi. Akuyar Anti Dede ta gaji da tsayuwa ta koma gida haka nan.

Yau Juma'a ta huɗu ke nan. Yanzu yana cin waakye, yana cewa yaji ya yi yawa. Yana cin tuwo, yana cewa miyar ta yi ruwa. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina irin na kwanakin nan ba. Labulen ma na ɗinka, yana rataye a ƙofarsa. Bakinsa ya ɗan karkace ta hagu, na san da kina nan sai kin sa na farke, amma Baba ya ce ya yi. Jiya kuma na zauna a kan kekenki na saki ƙugun wandonsa ɗaya, yadin nan da na hana tela yankewa.

Na kwance ƙulli biyu a gaban Baba, yadda kike yi. Saura na kanta. Surukinki ya ce katako ya yi tsada, sai bayan Sallah, bai dai faɗi wace Sallar ba.

Allah ya jiƙanki, Mma. Allah ya yalwata kabarinki, ya sanyaya makwancinki, ya ciyar da ke daga abincin Aljanna yadda kika ciyar da mu. Yadda kika rufa mini asiri a kan abin da na lalata, Allah ya rufa miki naki, ya cika miki mizani da rahamarsa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da yawan ƙorafi, ya haɗa mu da ke a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Gwangwanin yana wurina. Baban Sadiya ya gan shi ya ce in kawo ya bubbuga shi ya miƙe. Na ce ya taɓa ya gani.

Taki har kullum,
'yarki mai taurin kai,
Ramatu