Saniyarku ta Ƙarfe ta Janye Mini Maraƙi

Zuwa ga mai girma babban jami'in da ke kula da ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar iyali da gajiyar aiki. Ranka ya daɗe, kafin in buɗe ƙunshina ga kacici-kacici, tunda an ce kai mai ilimi ne. Wace saniya ce ba ƙaho, ba nono, ba ta zuwa kiwo, wuni take tana kai da kawo a fili ɗaya tana kuka, kuma in aka kwance mata maraƙi ƙarfinta ya ƙare? Riƙe amsarka, kada ka yi gaggawa.

Sunana Tumba, daga Liba ta ƙasar Maiyama. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka. Ƙarata a kan jikana ce, Bashiru, ɗan ɗiyata da ta rasu ta bar mini shi yana rarrafe. Ni na goya shi, ni na tauna masa. Kun ɗauke shi aiki a wata babbar tasha mai nisa, yau Sallah uku ke nan ban sa shi a idona ba.

Na ɗaya. Watan da ya fara aiki ya bugo waya yana murna, wai an damƙa masa saniya da maraƙi. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ranar kasuwar Jega na hau Keke Napep da ciwon gwiwata, na sayo igiya biyu da kanwa da dusa. Na sa aka kafa turke biyu a bayan ɗakina, babba da ƙarami. Na tara harawa a kan rumfa. Maƙwabciyata Inna Wuro, Bafillatana, ta ba ni aron ƙwaryar tatsa. Babu gidan da ban yi wa alkawarin kindirmo ba. Sai ga hoto ya turo a waya: kawunan jirgi biyu masu shan man dizal, an ɗaure su gindi da gindi, yaron nan yana leƙowa ta taga yana washe baki. Wai haka Amurkawa suka laƙaba musu suna tun zamanin da, abokan aikinsa kuma suka ara. Mai ɗakin direba ita ce saniya. Wanda ba shi da ɗaki, sai dai ya bi umarnin uwar ya ƙara mata ƙarfi, shi ne maraƙi. Ba sa tafiya mai nisa, aikinsu turawa da jera taragai a cikin tasha. Ranka ya daɗe, wanda bai taɓa tatsa ba, mi ya kai shi raɗa wa ƙarfe sunan saniya? Har yau matan Liba in sun gan ni sai su tambaye ni ko dizal ɗin ya yi kauri a dama fura.

Na biyu, kuma nan ne ya fi yi mini zafi. Da asuba yakan duba wa saniyar tasa mai da ruwa, ya goge mata fitila, ya kasa kunne ya ji ko muryarta ta sauya. Ni da na yi tarin mako biyu a damina, ta waya ya ce in sha citta. In na kira shi, rabin hirar tata ce: yau ta ja kaza, jiya ta yi gardama. Ban taɓa jin ya yabi tuwona yadda yake yabon hayaƙin wagga aba ba.

Na uku. A garin da kuka kai shi kakarsa ta wajen uba take, Hajiya Kulu. Ba ta wanke masa ko zanen goyo ɗaya ba, amma yanzu ita ce mai aika masa dambu duk Juma'a, har ta taɓa shiga ɗakin direban aka ɗauke ta hoto. Na ga hoton. Ɗaurin ɗankwalinta ma bai yi kyau ba. Abin da ta fi ni da shi ɗaya ne, layin dogo ya bi ta ƙofar gidansu. Mu nan albasar Aliero sai ta cika manyan motoci, amma ko ƙarar jirgi ba mu taɓa ji ba.

Bashiru ya gaya mini ba a cika raba saniyarku da maraƙinta ba, don in an raba su aiki ba ya tafiya. Ashe kun sani! Inna Wuro ma ta sani: saniya ba ta sakin nono sai an kawo ɗanta kusa. To don mi kuka san haƙƙin ta ƙarfe, kuka manta da mai rai?

Ga roƙona. Ku ba shi hutu Babbar Sallar nan, kwana bakwai cur, ba irin na bara da aka ce babu mai karɓarsa a aiki ba. Ku koya wa wani riƙon saniyar, ba za ta rame ba. Shekaruna sun ja, ban san Sallah nawa ta rage mini ba. In kuma wata rana za ku ja dogo, ku tuna da Jega. Turakuna suna nan ban tuge ba, in ya zo da abar tasa akwai wurin ɗaure ta.

Allah Ya ja zamaninka, Ya tsare ma'aikatanka, Ya sa naka jikokin su riƙa leƙa ka.

Wassalam.

Tumba, kakar Bashiru, Liba.

Na san ka ce kan jirginku ne amsa. To ka faɗi, ba shi ba ne. Naku maraƙinsa na ɗaure a jikinsa. Saniyar ni ce.