Kashin da Na Tsallake wa Ɗigo

Litinin, 6 ga Oktoba

Yaya ya kawo min 'yarsa Ɗigo da jakar makarantarta da wata leda cike da kaya. Matarsa, Anti, aikin da aka yi mata a ciki ya ƙi warkewa, an mayar da ita ɗakin masu tsananin jinya. Shi zai riƙa kwana asibiti. A bakin ƙofa ya ce, "Kwana biyu ne kawai. Kada ki gaya mata komai, ki ce mamanta tana hutawa."

Ɗakina ɗaya ne da ɗan kicin. Ni ko tukunyar fure na ajiye mutuwa take yi, yau ga ni da yarinya 'yar shekara tara.

Talata, 7 ga Oktoba

Ba ta magana. Ta ci rabin biredi, ta zauna bakin katifa tana kallon bango. Na tambaye ta makaranta, ta ce "lafiya". Na tambaye ta ƙawayenta, ta ce "lafiya". Na share ɗakin, na sake sharewa. Na rasa inda zan sa kaina a cikin ɗakina.

Alhamis, 9 ga Oktoba

A shagon tabarau da nake aiki na saka wa wani tsoho gilashin dama a hagu. Ya sa tabarau ɗin ya ce, "'Yata, duniya ce ta karkace ko ni ne?" Rediyo, abokiyar aikina da bakinta ba ya hutu, ta yi dariya har da riƙe kanta. Maigida, mai shagon, bai yi ba.

Abin da ke damuna, kuma kunyar rubuta shi nake ji: tun zuwan yarinyar ban kalli Masu Ɗinkin Sama ba. Anti tana kwance rai a hannun Allah, ni kuma kewar katun nake yi. Shekarata ashirin da tara.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ɗigo ta kama ni. Na ɗauka tana wanka, na buɗe kwamfuta na sa kashin farko, don in ji waƙar buɗewa kawai. Sai na ji numfashi a kafaɗata.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

Kalma mafi tsawo da ta yi min ke nan. Na ce zauna.

Na bayyana mata: sama tana yagewa kamar tsohon zane, ta wurin yagewar wasu baƙaƙen abubuwa suke zubowa cikin gari, suna sa mutane su manta da waɗanda suke so. 'Yan mata uku 'yan makaranta ne ke ɗinke ta. Kowace tana da maɓalli a wuyan rigarta, in ta murza shi sai kayanta su warware su zama zare, zaren ya sake saƙa kansa a jikinta. Mai Allura, Mai Zare, Mai Almakashi. Suna da sunayensu na can ƙasar da aka zana su, amma tun ina sakandare haka nake kiran su.

Rubutun fassarar yana gudu da yawa, ba ta iya bi. Sai na riƙa faɗa mata da bakina, ina sauya murya. Mun kalli uku a jere. Taliya ta ƙone.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ita Mai Zare take so, don gashinta. Ta ce Mai Almakashi muguwa ce, ba ta dariya. Na ce ki kiyaye ni, wannan tawa ce.

Ban san yadda zan sa yarinya ta gane ba. Sauran biyun su ake tafa wa. Ita aikinta ya zo a ƙarshe, ta yanke zaren, don in ba a yanke ba duk ɗinkin zai warware. Ba wanda yake gode wa mai yankewa. Kuma ita kaɗai ce in an gama faɗa take tsayawa ta kwashe gilasan da suka fashe a titi.

Abin da ya sa shirin nan ya fi sauran a wurina: ɗinkin ba ya ɓacewa. Sauran irinsa, an gama faɗa, gari ya koma sabo fil kamar ba a yi ba. A nan ko bayan kashi goma, in aka nuna sama a bayan wani yana shan shayi, za ka hango ɗinkin farko, karkatacce, don lokacin ba su iya ba. Wani mutum ya zauna ya zana wannan da hannunsa, ya tuna.

Laraba, 15 ga Oktoba

Yaya ya kira ina cikin bas. Zazzaɓin Anti ya sauka, ya sake hawa. Muryarsa kamar an jiƙa takarda. Na wuce tashata ban sani ba, na dawo da ƙafa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ɗigo ta cire maɓallin rigar aikina ta ɗaure shi da zare a wuyanta. Na fita aiki da fil. Rediyo ta ce, "Yau kuma wane sabon yayi ne?"

Yau mun kalli wanda na fi so, wanda ba a faɗa ko ɗaya. Ruwa yana zuba, su ukun suna jiran mota a rumfa, lema ɗaya, suna gardamar wa ya cinye alewar wa. Na ɗauka za ta gaji. Da aka gama ta ce, "A sake." Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane wannan kashin ya fi kowane, suna min kallon mai taɓin hankali.

Amma muna matsowa kashi na sha bakwai. Ni na san abin da ke ciki.

Asabar, 18 ga Oktoba

A na sha bakwai mahaifiyar Mai Allura tana asibiti. Yarinyar ta shiga ta taga da allurarta, ta ce wadda ta ɗinke sama ba za ta kasa ɗinke mutum ɗaya ba. Ta yi ta ɗinki, zaren yana zamewa. Uwar tana shan wahala, ta kasa tafiya, ta kasa zama. Ƙarshe Mai Almakashi ce ta zo ta yanke zaren.

Ba zan iya faɗar wannan da bakina ba, ina sauya murya, yarinyar nan tana jingine da ni.

Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na goge firij.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na tsallake. Daga sha shida na danna sha takwas tana kicin tana ɗebo ruwa.

A ciki Mai Allura tana zaune ita kaɗai a teburin cin abinci, kujera ɗaya ba kowa. Ɗigo ta ce, "Ina mamanta?" Na ce ta yi tafiya. Rubutun ƙasa yana faɗar wani abu daban, ni ina faɗar nawa. Ta dube ni, ta dubi allon.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yau shayi kawai na sha.

Talata, 21 ga Oktoba

Na dawo aiki na tarar maƙwabciyata, wadda take ɗauko min ita daga makaranta, tana tsaye a baranda. Ta ce, "Ta karɓi makulli ta shiga, ta ƙi buɗe min."

Na buga na buga, sannan ta buɗe. Kwamfuta a kan katifa, an tsayar da hoton daidai inda almakashin ya buɗe baki. Ashe tsayarwa take yi tana karanta rubutun layi-layi da yatsa. Haka ta bi shi tun daga farko.

Ba kuka take ba, da ma kukan ne. Ta ce, "Kin ce ta yi tafiya."

Na fara kame-kame.

"Mama ma kun ce tana hutawa."

Sai ta tambaye ni, a tsaye, hannunta a bayanta kamar mai amsa tambaya a aji, ko mamanta ta mutu ne ba a gaya mata ba. Kwana nawa yarinyar nan take ɗauke da wannan a ɗakina, tana cin rabin biredi, ni ina can ina ta murza murya?

Na rantse mata tana raye. Ta ce, "Ai ke kina ƙarya." Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Gaskiya ta faɗa.

Na kira Yaya a gabanta na buɗe sautin, don kada ta ce na ɓoye wani abu. Na ce gobe zan kawo ta. Ya ce ban da hankali, akwai robobi a hancin matar, ta rame, yarinya za ta tsorata. Na ce, "Yaya, ta riga ta tsorata. Ta ɗauka gawa kuke ɓoye mata." Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Can ya ce bari ya tambayi likita.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Jiya ba a bari ba, yau aka bari. Na roƙi Maigida rabin yini, ya ba ni yana tsaki.

A bas na gaya mata komai, ba ƙari ba ragi: za ki ga roba a hanci, za ki ga wata a hannu, akwai na'ura mai ƙara, mamanki ta rame sosai, kuma likitoci ba su ce ta warke ba, sun ce tana ƙoƙari. Ta ce, "Za ta mutu?" Na ce ban sani ba, Allah ne ya sani, amma duk abin da na sani zan gaya miki. Ta gyaɗa kai. Ta riƙe gefen mayafina har muka sauka.

Nas ta sa muka wanke hannu, ta ɗaura mana takunkumi. Na Ɗigo ya rufe mata har ido, sai da na ƙulle igiyar ta baya.

Anti ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon Ɗigo, sannan da wata 'yar murya ta ce, "Wa ya yi miki wannan kitson?"

Ni ce na yi. Ɗigo ta nuna ni da yatsa. Anti ta rufe ido ta ce, "Allah ya isa." Yaya ya fashe da dariya, dariyar ta juye masa, ya fita waje da sauri.

A nan ne yarinyar ta yi kukan. Ta kifa kai a gefen gadon, uwar tana shafa karkataccen kitson da hannun da babu allura. Ni na tsaya ina karanta takardar da aka manna a bango kan yadda ake wanke hannu. Na haddace ta.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ɗigo ce ta ce mu kalli na sha bakwai tare, daga farko, in faɗa mata daidai. Na faɗa daidai. Wurin da na san zan kasa, na kasa, ta jira ni.

Bayan an gama ta ce, "Ita ma Mai Almakashi hannunta yana rawa." Na mayar baya. Wallahi yana rawa, kaɗan, kafin ta yanke. Sau nawa na kalli wannan wurin ban taɓa lura ba.

Har yanzu dai ta ce Mai Zare ta fi kyau.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An cire robar hanci. An mayar da Anti babban ɗaki, ta sha ruwan shayi da kanta, ta yi faɗa da Yaya kan bai biya kuɗin wuta ba. Ya kira ni yana murna wai ta zage shi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

An sallami Anti. Tana tafiya a duƙe, tana dafa bango, amma da ƙafarta ta shiga gida. Yaya ya zo ya ɗauki Ɗigo da jakarta da ledarta. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, ƙarshe ya ce, "Kin rame." Na ce kai ma.

Ɗaki ya dawo nawa. Na miƙe ƙafa har ƙarshen katifa. Alhamdulillahi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na dafa taliya ta mutum biyu, mantuwa ce.

Na buɗe kashi na ashirin da uku, inda muka tsaya. Waƙar ta fara, na ji bakina yana shirin fassara wa bango. Na rufe. Na sake buɗewa, na rufe.

Ɗigo ta kira da wayar babanta, wai ko na ci gaba ban da ita. Na ce ina da aikin yi, ke kin ɗauka zaman katun nake? Ta ce to ranar Asabar in zo da kwamfutar, mamanta ma tana so ta gani, ta gaji da kwanciya. Na ce sai na duba.

Gidansu bas biyu ne daga nan, kuma Asabar ce kaɗai ranar hutuna. Ba wai wani abu ba ne. Anti ba ta san labarin ba, dole a koma mata tun daga kashin farko, kuma in na bar wa yarinyar nan bayanin, ɓata Mai Almakashi za ta yi.

Na sa caja a jaka tun yanzu, kada in manta.