Kifin da Na Mayar Ruwa

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Audu masunci na Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, 'yarka Hadiza ce daga garin Greenbelt, nan ƙasar Turawa.

Baba, na shiga kamun kifi da girmana. Kar ka yi dariya. Akwai wani tafki kusa da gidana da masu shi ke kawo kifi a tankar mota su juye a ciki. Kai da ka ƙare rayuwarka a kwalekwale, na san za ka ce wannan ai kiwon kaji ne. In na tashi daga aikin asibiti ƙafafuna a kumbure, can nake zuwa in zauna da ƙugiya, don shirun gidan ya fi ƙarfina.

Tarwaɗarsu kam na kama har na gaji. Amma akwai wani mai manyan ɓawo, ruwan zinare, suna ce masa kaf, ban taɓa ganin irinsa a koginmu ba. Shi na sa a gaba tun bazara. Masarar gwangwani yake ci, ka ji ɗan gata. Sati bayan sati yana cinye mini masara, yana barina da ciwon baya.

Ka tuna dokarka? Duk wanda ya kama kifin da bai taɓa kamawa ba, gabanka zai kawo shi. Ka jujjuya shi, ka faɗi sunansa, Inna ta dafa, kowa a gidan ya taɓa ko da loma ɗaya ce. Kana cewa, "Arzikin da Allah ya miƙo maka, ba a mayar masa." Yayyena maza duk sun kawo nasu. Ni ban taɓa ba, nawa aikin kankare ɓawo ne a gindin murhu.

Ranar Asabar ya kamu, Baba. Sai da hannuna ya yi tsami kafin na jawo shi bakin ruwa. Wani tsohon Bature da ke gefena ya tare mini shi da ragar koma, ya taya ni murna, sannan ya nuna mini allon da na daɗe da sanin abin da ke jikinsa: a tafkin nan, wannan kifi mayar da shi ake yi.

Na rungume shi yana ta haki a ƙirjina. A nan na gane duk wahalar nan da nake sha, kai nake son in kawo wa. Ga kifi ya zo, kai ba ka nan. Na durƙusa na sake shi, ya tafi ko waiwaye babu.

Ban sani ba ko butulci na yi. Na dai ƙi wanke hannuna. Na tuƙo mota cikin cunkoso, ƙarni ya cika ta, irin na rigarka in ka dawo daga ruwa, na yi ta kuka har gida.

Na gaji, Baba, kuma ina kewarka. Allah ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara, ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Ni ce autarka,
Hadiza