Tagar Mai Agogo

Zuwa ga angona mai rowa,

Wace taga ce aka huda don haske, rana ba ta taɓa shiga ta cikinta ba, kuma mai ita bai taɓa kukan duhu ba? Ka riƙe wannan tukuna. Ni ma shekara arba'in da shida ina tambaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya ciwon wuyan nan na kallon kwamfuta? Ni lafiya lau, sai gwiwoyi da suka daina gaishe ni.

Ranar da ka zo da zanen gidanmu ka zaci barci nake a kujera. Ido ɗaya na rufe. Na ga ka raba fuskar kwamfutar gida huɗu, kowanne ka ce taga ce. Ɗaya na kallon gidan daga sama kamar tsuntsu, ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe, ta huɗu a karkace. Ka tura ɗan abin nan mai kama da dutsen guga, ka matsar da ƙofar gida a taga ɗaya, sauran ukun suka bi. Ka ce mini gidan ɗaya ne, wurin tsayawa ne ya bambanta.

To a ta sama na ga ɗan ɗakin da kakanka yake gyaran agogo. A wadda ka ce za a buga wa magina kuwa babu shi. Da na tambaya ka sosa ƙeya, wai ɓoye shi kawai ka yi a wannan tagar, yana nan. Aji huɗu na yi, amma na san takardar da magini ya riƙe ita yake bi. Kai da ubanka za ku rushe ɗakin, ba ku gaya mini ba.

Ka ba ni amsa da hannunka, ban da waya. A waya ƙaryarka ta fi santsi.

Taka, amaryar da ba ka yi wa ko ɗankwali ba,
Kaka

Zuwa ga angona mai sosa ƙeya,

Ina gaisuwa, ina fatan kana cin abinci a zaune kamar mutane. Wasiƙarka ta iso, rubutun kamar kaza ta bi ta kai.

Na gane. Banɗaki za ku yi mini a wurin, jikin ɗakina, don in daina ratsa tsakar gida da sanda tun da na faɗi a bakin famfo. Ubanka ma ya zo ya zauna yana kallon ƙasa kamar ranar da ya fasa gilashin agogon wani direba. Na huce rabi.

Amma kai ba ka san ɗakin nan ba. Kakanka da kansa ya huda tagar, da guduma da kurfi, wata biyu bayan na tare. Ya yi ta ƙasa ƙasa, a karkace, faɗinta bai fi tire ba. Wai haske yake so. Na ce masa rana ta ɗaya gefen take fitowa, ya ce mai gyaran agogo ya fi ni sanin lokaci. Haka ya ƙare rayuwarsa da fitilar tebur a kunne tsakar rana. Ba ya barin kowa ya shiga, wai siket ɗina zai share masa ƙananan kusoshi. Daga ƙofa nake miƙa masa shayi. Tun da ya rasu kuma sai dai in share in ja ƙofa. A tsaye ba abin da ake gani ta tagar sai ƙasa da gindin bango.

Ka rubuta cewa a zanenka tagar ba ta da amfani. Kafin in yarda, ga sharaɗina. Ka ce kana iya ajiye ido duk inda ka so. To ka buɗe taga ta biyar. Ka sa idon a kujerarsa, daidai tsayin mutum a zaune, ɗan gajere mai ranƙwafawa. Ubanka ya auna kujerar da tef, awon yana bayan takardar nan. Ka bugo mini abin da ka gani.

Mai jiran takarda,
Kaka

Zuwa ga jikana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau ba zan tsokane ka ba, ko kuwa kaɗan.

Takardar ta zo jiya da hantsi. Na sa tabarau na juya ta sau uku. Na ɗauka ka yi kuskure, domin ba sama, ba bishiya, ba ƙofar gida. Ƙofar kicin ce kawai, da ɗan dakalin da ke gefenta, sun cika tagar daidai kamar an auna.

Ban yarda da kwamfutarka ba. Na ɗauki mabuɗi na shiga, na kawar da kwalayen ubanka, na zauna a kujerar nan karo na farko a rayuwata. Har yanzu tana ƙara. Na ranƙwafa yadda yake yi. Ga dakalin. Nan nake zama kullum in yanka albasa, in yi wa 'yan uwan ubanka kitso, in yi ta waƙa da muryar da shi kansa yake cewa tana tsayar da agogo. Wani lokaci ma zaginsa nake a hankali, ina zaton ba ya gani. Na daɗe a wurin har shayina ya huce.

Ku yi banɗakinku, gwiwoyina sun gode. Amma bangon nan a bar shi yadda yake, da tagarsa a karkace. Kada ka miƙe ta, na san hannunka da ƙaiƙayi. Kuma ka mayar da ita cikin tagar magina, a gan ta ƙuru-ƙuru a takarda, ka sa mata alama da ja.

Ubanka ya ce to. Saura kai, sai ka zo da kanka ka zauna a kujerar kafin a fitar da ita.

Taka har kullum,
Kaka

Af, na manta da tambayata. Tagar kakanka ce. Ni yake kallo.