Adireshin Mahaifiyar Shahina

Laraba da dare, asibitin Al-Shifa

Yau kwana tara da rasuwar Shahina. Shekara shida muna aikin jinya tare, ita daga Indiya, ni daga Zariya.

Bayan la'asar na kai Alƙur'aninta da gyalen da ta manta a ɗakina wurin masu aika kaya, don a kai wa mahaifiyarta haɗe da takardar ta'aziyya. Mutumin ya tambayi jiha, na ce Kerala. Ya tambayi gunduma, na ce Malappuram. Sai ya ce, "Wane taluk, 'yar'uwa?" Wai a can kowace gunduma an kasa ta kamar ƙananan hukumominmu. Ya juyo min da kwamfuta, ga sunaye a jere. Sau uku na karanta, ban gane nata ba.

Ita kuwa ta san Tudun Wada, ta san layinmu, har ciwon ƙafar Inna takan tambaya. Ashe kullum ni ce mai ba da labari.

Gobe a ofishin asibiti za su ba ni adireshin, na sani. Amma shekara shida tana kusa da ni, Allah ya jiƙanta, ban tambaye ta ba.