Na Ce Mahaifiyata Mai Talla Ce

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kunya ta hana ni sakat.

Ni kafinta ne a Birnin Kudu. Iyakar karatuna aji biyu, Baba ya rasu na koma gona a Yalwan Damai. Innata ce ta sayar da tunkiyarta ta saya min zarto da guduma. Da kujera 'yar tsugunno na fara, a gindin bishiya. Yau, alhamdulillahi, ina da rumfar kwano, magidanta shida suna ci a ƙarƙashina.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ma'aikata uku suka zo daga Kano a Landiroba, suna neman mai yi wa sababbin firamaren Gwaram da Zandam bencuna. Babbansu ya shafa wani benci da na gama, ya yaba, sannan ya tambayi inda na yi karatu. Na dubi takalminsa, na dubi nawa. Sai na ji bakina ya ce wai makarantar koyon sana'a a Kano. Ana haka na hango Inna tafe, ƙafa ba takalmi, da ƙwaryar furar da take kawo min duk kasuwa. Ta sauke a bakin rumfa. Ya tambaya ko wace ce. Na ce mai talla ce.

Ta ji. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ɗauki gammonta ta juya.

Ni ne ɗanta na fari, Malam. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba mu taɓa zama mun yi hira ba. To ta ina zan fara? Aikin dai na samu, amma kasuwa uku ke nan ba ta zo ba. Kuma ba a ɓoye aka yi ba: Barau mai facin keke yana wurin, haka ƙanwata Kubra da ta rako ta.

Wani kafinta, Birnin Kudu

Malam kafinta, ka yi laifi, babba kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Na san abin da ya ja ka. A zamanin nan takarda ta sa mai sana'a yana ganin kansa ba kowa ba. Amma ka lura, mutumin nan sai da ya yaba aikinka kafin ya yi tambaya. Hannunka ne ya samo maka aikin, ba ƙaryar ba.

Kunyar ɗan fari ta hana mahaifiyarka magana, amma kai ba ta hana ka durƙusawa ba. Kada ka aika da turmin atamfa ka ce ka gama. Za ta karɓa ta yi shiru, ciwon yana nan. Ka tafi gida kafin Juma'a. Ka sami wata dattijuwa da take jin nauyinta ta shige maka gaba. Ka durƙusa a ƙofar ɗaki, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, Kubra tana ji. Ko ba ta tanka maka ba, za ta tanka wa dattijuwar.

Ran da ma'aikatan suka dawo duba aiki, ka gyara zance biyun nan: wace ce ita, kuma ina ka koyi sana'a. Wataƙila su ɓata rai, amma da wuya su bar benci mai ƙwari saboda haka. In ma sun fasa, wani aikin zai zo. Uwa ce ba a sake samu.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sa wa sana'arka albarka.