Haihuwar da Ba a Ƙirgawa

Daren Talata, Dutse

Yau na kai ɗalibaina na aikin jinya wani ƙauye a Kiyawa, muna tambayar mata tarihin haihuwarsu. Wata ta ce haihuwarta huɗu. Ungozomar ƙauyen ta ja ni gefe ta ce, "Malama, biyar ce. Ɗan fari ai ba a ƙirga shi a gaban mutane, da kunya."

Ga shi a kan haihuwar farin nake bincikena, don ita ta fi ba mata wuya. Wata uku ke nan muna cika takardu ba daidai ba, dole mu sake daga farko.

Haushin kaina nake ji. Ni ma 'yar fari ce, har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba.